Otal ɗin Daula na Kano: yadda aka gina shi, aka bayar da filinsa, aka rushe sabon ginin

Otal ɗin Daula masauki ne mallakar gwamnatin Jihar Kano da ke kan titin Murtala Muhammad, a ɓangaren kasuwanci na birnin. An gina shi a shekarun 1970, ya yi tashe, ya tsufa, aka mayar da shi makaranta. A 2020 gwamnatin jihar ta miƙa filinsa ga wani kamfani mai zaman kansa domin ya gina sabon otal da benayen gidajen kwana da shaguna. A farkon watan Yuni na 2023, mako guda bayan an yi bikin buɗe sabon otal ɗin, gwamnatin da ta karɓi mulki ta tura katafila ta rushe gine-ginen. Daga nan magana ta koma gaban alƙalai.

A Arewacin Najeriya, aikin Daula yana cikin waɗanda suka fi kama da abin da ake yi a manyan biranen duniya, inda ake haɗa otal da gidajen kwana da wuraren ciniki a fili ɗaya a tsakiyar gari. Benayensa ba su kai na Legas ko Abuja tsawo ba, amma ya tayar da duk tambayoyin da irin wannan aiki ke tayarwa: filin na wane ne, wa ya yi masa kuɗi, wa ya ga yarjejeniyar, kuma wa zai biya idan abu ya lalace. Tambayoyin sun shafi mutanen Jigawa kai tsaye, domin lokacin da aka gina Daula, Birnin Kudu da Gwaram da Dutse duk cikin Jihar Kano suke.

Asalin otal ɗin

An ƙirƙiri Jihar Kano ranar 27 ga Mayu, 1967, lokacin da Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12. Gwamnanta na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, ya riƙe jihar har zuwa 1975. Zamaninsa ya zo daidai da ƙarshen cinikin gyaɗa da farkon arzikin man fetur, wanda farashinsa ya yi tsalle bayan 1973. Da wannan kuɗi aka yi madatsar ruwa ta Tiga, da gidan namun daji, da sakatariyar gwamnati, da otal ɗin Bagauda, da kuma Daula.

Dalilin da ya sa gwamnati ta shiga harkar otal a fili yake. Kano ta daɗe tana karɓar baƙi. Jirgin ƙasa ya iso ta tun 1911, jirgin sama ya fara sauka a cikinta a 1925, kuma filin jirginta ya zama mashigar alhazai da 'yan kasuwa daga ƙasashen Larabawa da Turai. Masana'antun Bompai da Sharaɗa suna bunƙasa, amma masaukai na zamani ba su da yawa, kuma 'yan kasuwar gida ba su riga sun saba zuba jari mai yawa a wannan fanni ba. Saboda haka gwamnati ta gina nata, kamar yadda gwamnatin Jihar Arewa ta gina Hamdala a Kaduna tun kafin nan.

Ƙaddarar da ta samu yawancin otal-otal na gwamnati ita ta samu Daula. Otal yana son gyara kullum: famfo, wayar lantarki, na'urar sanyaya ɗaki, shimfiɗa. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, kuɗin gyara ya yi ƙaranci. Daga baya otal-otal na 'yan kasuwa irin su Tahir da Prince suka janye manyan baƙi. Gini ya ci gaba da lalacewa, filin da yake kai kuwa sai ƙara daraja yake yi, domin birni ya cika ya kewaye shi.

Daga otal zuwa makaranta

A mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, gwamnati ta buɗe cibiyoyin koyar da sana'o'i da dama, aka mayar da Daula cibiyar koyon aikin otal da yawon buɗe ido. Daga bisani wurin ya koma ƙarƙashin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, wadda yanzu ake kira Jami'ar Aliko Dangote. A lokacin annobar korona a 2020 an sa shi cikin wuraren da aka ware don killace masu cutar.

Wannan sauyi shi ne tushen gardamar da ta biyo baya. A wurin masu goyon bayan sabon gini, Daula kangon otal ne da ya daina kawo wa gwamnati ko kwabo. A wurin masu adawa kuwa, harabar makaranta ce da aka karɓe daga hannun jami'a. Ƙungiyar malaman jami'ar ta Wudil ta fito ta nuna rashin amincewarta tun a 2020.

Yarjejeniyar 2020

Gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje, wadda ta yi mulki daga 2015 zuwa 2023, ta rungumi tsarin haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da 'yan kasuwa wajen sarrafa filayen cikin birni. Kamfanin da ya yi aikin Daula shi ne Lamash Properties. A sanarwar da ya fitar bayan rusau, kamfanin ya ce an gayyace shi tare da wasu kamfanoni a 2020 su gabatar da tayinsu, kuma nasa ne ya yi nasara.

Bisa bayanin kamfanin, aikin kashi uku ne. Na farko gidajen kwana na alfarma guda 25. Na biyu rukunin shaguna da ofisoshi na haya. Na uku otal mai ɗakuna 90. Ya ce an haɗa darajar filin da rabon ribar gwamnati suka kama kimanin naira biliyan 2.3, aka mayar da wannan kuɗi ya zama otal ɗin, wato otal ya zama na gwamnati, sauran kuma na kamfani da waɗanda suka saya a hannunsa. Ya ƙara da cewa Gwamna Ganduje ya buɗe otal ɗin ranar 27 ga Mayu, 2023, saura kwana biyu ya sauka daga mulki.

Yadda irin wannan ciniki yake tafiya

Ba a Kano aka fara haɗa otal da gidaje da shaguna a wuri ɗaya ba, kuma lissafin kuɗi ne ke haɗa su. Fili a tsakiyar gari yana da tsada, don haka mai gini yana so ya ɗora hawa kan hawa, kowane taku na ƙasa ya haifi kuɗi sau da yawa. Gidajen kwana su ke fara kawo kuɗi, domin akan sayar da su tun suna kan takarda, a yi amfani da kuɗin masu saye wajen ci gaba da aiki. Shaguna suna kawo haya duk shekara. Otal shi ya fi cin jari, shi ya fi jinkirin mayar da shi, amma shi ke ɗaga sunan wurin har gidaje da shaguna su yi tsada.

A irin wannan haɗin gwiwa gwamnati ba ta fitar da kuɗi, fili take bayarwa a matsayin jarinta. Saboda haka dukkan cinikin ya rataya ne a kan abu ɗaya, wato kuɗin da aka yi wa filin. Idan an karya masa daraja, jama'a sun yi asara tun kafin a aza bulo ɗaya, ko da ginin ya fito da kyau. Idan an yi masa kuɗin da ya dace, aka kuma bar kamfanoni suka yi takara a bainar jama'a, to gwamnati na iya samun riba daga kadarar da a da take cin kuɗinta. Hanyar da za a iya bambance waɗannan biyun ita ce a ga takardar ƙiyasin da sunan wanda ya yi shi, a kuma ga tayin sauran kamfanonin.

Akwai kuma mutane na uku da ba a cika tunawa da su ba, wato masu sayen shago ko gida tun ana gini. Su ba da gwamnati suka ƙulla ba, da kamfani suka ƙulla. Idan rikici ya tashi tsakanin manyan biyu, kuɗinsu ne ke fara maƙalewa.

Rusau na watan Yuni 2023

Ba a raba labarin Daula da siyasar Kano. Ganduje ya yi wa Kwankwaso mataimaki sau biyu, daga 1999 zuwa 2003 da kuma daga 2011 zuwa 2015, kafin su ɓata bayan ya gaje shi. Abba Kabir Yusuf, wanda ya riƙe ma'aikatar ayyuka a mulkin Kwankwaso na biyu, ya kara da Ganduje a zaɓen 2019 bai samu kujerar ba. A 2020 ya shigar da ƙara yana ƙalubalantar miƙa Daula da wasu kadarorin gwamnati ga 'yan kasuwa, kuma ya sa dawo da filayen jama'a cikin manyan alƙawuransa na yaƙin neman zaɓe.

Ya ci zaɓen 18 ga Maris, 2023, a ƙarƙashin jam'iyyar NNPP. Kafin a rantsar da shi ya fitar da gargaɗi ga masu gini a filayen makarantu da asibitoci da masallatai da maƙabartu da jikin badala cewa su dakata. An rantsar da shi ranar 29 ga Mayu. Ranar 3 ga Yuni aka rushe wani bene mai hawa uku da ke ɗauke da shaguna kusan 90 a filin sukuwa. Cikin daren wayewar Lahadi 4 ga Yuni aka shiga Daula. Bayansa aka rushe gine-gine a sansanin alhazai, da shagunan da ke filin Idi, da shataletalen da ke kusa da gidan gwamnati wanda aka gina don cikar jihar shekara 50.

Abin da ya biyo bayan katafila ya ƙara dagula al'amarin. Matasa da 'yan jari-bola sun yi dafifi a wuraren suna kwasar rodi da ƙofofi da tagogi da wayoyin lantarki. 'Yan sanda sun kama mutane da dama. A Daula, wani sashe na ginin da bai gama faɗuwa ba ya rufto wa masu tonon ƙarfe. Cikin mako guda maganar ta kai fadar shugaban ƙasa, inda Shugaba Bola Tinubu ya gana da Ganduje da Kwankwaso daban-daban.

Hujjar kowane ɓangare

Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta tsaya a kan cewa filayen amanar jama'a ne, an raba su ga makusanta ba bisa ƙa'ida ba, kuma ta yi gargaɗi tun da wuri. A ganinta, idan aka bar ginin ya tsaya, an koya wa kowane gwamna mai zuwa cewa zai iya yanka filin makaranta ya bayar, muddin an yi sauri an kammala gini kafin ya sauka. Mutane da yawa a Kano sun goyi bayan wannan, musamman waɗanda suka ga yadda shaguna suka toshe masallatai da makarantu da hanyoyin ruwa. Ambaliyar da ta shiga kasuwar Kantin Kwari a watan Agusta na 2022, wadda 'yan kasuwa suka ɗora laifinta a kan gine-ginen da aka yi bisa magudanan ruwa, ba ta riga ta fita daga zukata ba.

Kamfanin da magoya bayan tsohuwar gwamnati sun ce ba a ba su sanarwa ba, ba a saurare su ba, kuma yarjejeniyar da gwamnati ta sa wa hannu tana kan gwamnati ko wane ne ke kan kujera. Kamfanin ya ce zai nemi diyyar naira biliyan 10. Wasu da ba sa ɓangaren kowa sun kawo hujja ta uku. Sun ce ko da an tabbatar cinikin ruɓaɓɓe ne, kamata ya yi a ƙwace ginin ta hanyar kotu a mayar da shi asibiti ko makaranta ko ofis, tunda a bisa yarjejeniyar otal ɗin ya riga ya zama na gwamnati.

Abin da kotuna suka ce

Ranar 29 ga Satumba, 2023, Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta umarci gwamnatin jihar ta biya masu shagunan filin Idi diyyar naira biliyan 30. Daga baya ɓangarorin biyu suka sasanta a kan naira biliyan 3. A batun Daula, jaridu sun ruwaito cewa Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke hukuncin a biya kamfanin Lamash kimanin naira biliyan 8.5.

Duk kuɗin da aka biya a irin wannan hukunci daga baitulmalin jiha yake fita, wato daga asusun da ake biyan malamai da sayen magani. Jami'in da ya sa hannu a yarjejeniya da wanda ya ba da umarnin rusau babu mai biya daga aljihunsa. Idan aka tattara lissafin Daula, jama'ar Kano sun rasa tsohon otal, sun rasa harabar makaranta, sun rasa sabon otal ɗin da aka ce rabonsu ne, ga kuma hukuncin diyya. Sake gini a wurin zai fi tsada nesa ba kusa ba, domin a watan Yunin 2023 ɗin ne Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, farashin siminti da rodi suka yi sama.

Abin da doka ta tanada

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ita ce uwa a wannan fage, kuma sashe na 315 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta kariya ta musamman. A Arewa ba baƙuwa ba ce, domin ta gaji dokar Turawan mulkin mallaka ta 1910 da dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962, waɗanda su ma suka ɗora ƙasa a hannun hukuma.

Sashe na 1 ya damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, domin amfanin 'yan Najeriya baki ɗaya. Sashe na 5 ya ba shi ikon bayar da takardar mallaka, sashe na 6 kuma ya ba ƙaramar hukuma irin wannan iko a filayen da ba na birni ba. Sashe na 22 ya hana mai takarda sayarwa ko jinginarwa sai da yardar gwamna. Sashe na 28 ya ba gwamna damar soke takarda saboda buƙatar jama'a da ta rinjayi ta mutum ɗaya, amma sai an ba mai ita sanarwa. Sashe na 29 ya yi tanadin diyya a kan abin da aka gina ko aka shuka. Tsarin Mulki ya ƙara da 'yancin a saurari mutum a sashe na 36, da haramcin karɓe dukiyarsa ba tare da diyya ba a sashe na 44.

Raunin wannan tsari shi ne hannu ɗaya ke bayarwa, shi ke karɓewa. Kalmar amana tana cikin doka, amma dokar ba ta tilasta wa gwamna ya wallafa sunayen waɗanda ya ba fili ko kuɗin da suka biya ba. Game da rushe gini kuwa, dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta jera matakai: takardar dakatar da aiki, takardar nuna saɓa ƙa'ida, sannan takardar rusau. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne, don haka kowace jiha da dokarta da hukumarta. A Kano hukumar KNUPDA ce ke ba da izinin gini, kuma ita ce ake turawa rusau. Wannan ya sa hukuma ɗaya kan amince da gini a wata gwamnati, ta rushe shi a wata.

Abin da dogon bene yake buƙata

Bahaushe ya san bene tun kafin zuwan siminti. Da tubali da azara aka gina soraye a Kano da Zariya, aka ɗaga hasumiyar Gobarau a Katsina da ta masallacin Agadas mai tsawon mita 27. Amma gidan zama a al'ada faɗi yake yi, da zaure da tsakar gida, kuma ana ƙin tagar da za ta leƙa gidan maƙwabci. Har yau wannan na cikin abubuwan da ke haddasa husuma idan aka tayar da bene a unguwar da sauran gidajen ƙasa ne. Shi ya sa dogayen gine-ginen Kano, irin su Gidan Murtala da Gidan Ado Bayero, aka yi su don ofisoshi. Gidan Ado Bayero ma daga baya ya zama mazaunin farko na Jami'ar Northwest.

Bene mai hawa da yawa yana dogara da abubuwan da ba a gani daga titi. Yana son gwajin ƙasa kafin a haƙa harsashi, da injiniya mai rajista, da rodi da kankare daidai da zane. Yana son wuta da ba ta yankewa, domin lif da famfon tura ruwa sama ba sa aiki sai da ita. A yankin da kamfanin KEDCO ke raba wuta, wato Kano da Katsina da Jigawa, wannan na nufin janareto ko hasken rana, kuma kuɗinsu a kan mazauna yake komawa. Yana son ruwa mai yawa, wanda a Kano galibi daga rijiyar burtsatse yake fitowa. Yana son wurin ajiye motoci da magudanar ruwa da matakalar tsira daga gobara, da 'yan kwana-kwana masu tsanin da zai kai sama. Gidan Koko na Ibadan mai hawa 26, da aka kammala a 1965, ya yi gobara a 1985. Dogon ginin hukumar sadarwa na Legas ya yi tasa a 1983.

Sakaci a nan rai yake ci. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, wani bene mai hawa 21 na gidajen alfarma da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, ya kashe mutum sama da 40, har da mai ginin. Ranar 30 ga Agusta, 2022, wani bene da ake ginawa a titin Beirut na Kano, a kasuwar waya, ya faɗo ya danne mutane. Ƙasar tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, dokar inshora ta 2003 kuma, kafin a maye gurbinta a 2025, ta wajabta yi wa duk ginin da ya wuce hawa biyu inshora tun ana aikinsa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai zuwa ya duba.

Makamantansa a wasu wurare

A Kaduna, otal ɗin Durbar da aka gina don bikin al'adun baƙar fata na 1977 ya daɗe a kulle saboda shari'a tsakanin hukuma da iyalan Janar Sani Abacha, har gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta rushe shi a watan Janairu na 2020. Shi ma kadara ce da aka gina da kuɗin jama'a, ta lalace a hannun gwamnati, ta koma hannun 'yan kasuwa, ta ƙare a gaban katafila da kotu.

Misalin da alhazai suka fi sani shi ne dogayen benayen Abraj al-Bait da ke daura da Harami a Makka, waɗanda suka haɗa otal-otal da gidajen kwana da kasuwa. Mai agogon ya kai tsawon mita 601, an kuma kammala aikin a 2012. Don a samu filin sai da aka rushe ganuwar Ajyad ta zamanin Daular Usmaniyya a 2002, abin da ya jawo ƙorafi daga Turkiyya. An tsara aikin a matsayin waƙafi wanda amfaninsa ke komawa ga hidimar Harami, duk da haka ana ta muhawara a kan yadda ya tura masu ƙaramin ƙarfi zuwa masaukai masu nisa.

Abin da ya shafi Birnin Kudu da Gwaram

An cire Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, aka sa hedikwatarta a Dutse. Babu wani bene irin na Ikoyi a Birnin Kudu ko Gwaram, kuma ƙarancin fili bai kai ya tilasta yin sa ba. Sai dai abin da ya mayar da filin Daula zinariya ya fara aiki a kudancin Jigawa. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Birnin Kudu tana da mutum sama da 300,000, Gwaram kuma sama da 270,000. Asibitin tarayya da ke Birnin Kudu yana jawo marasa lafiya da 'yan jinya da ma'aikata daga Jigawa da Bauchi, kuma dukkansu masauki suke nema. Dutse ta samu jami'ar tarayya a 2011 da filin jirgin sama a 2014. Duk inda aka samu irin waɗannan, filin bakin titi yana tsada.

Filayen da suka fi jan ido a irin waɗannan garuruwa su ne na hukuma da ke tsakiyar gari: tsofaffin gidajen saukar baƙi, tashar mota, filin ƙwallo, filin Idi, gefen katangar makarantar firamare, da tsofaffin gidajen ma'aikata. Yawanci da jerin shaguna ake farawa, a ce za a samar wa ƙaramar hukuma kuɗin shiga. A Birnin Kudu akwai ƙarin abin tsaro, wato duwatsun Habude da Mesa masu zanen mutanen da, waɗanda ke cikin kayan tarihin ƙasa. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Tambayoyin da suka kamata a yi tun da wuri

Lokacin da tambaya ke da amfani shi ne kafin a zuba harsashi. Duk wanda ya ga an kewaye filin hukuma da kwano yana da damar neman sanin abubuwa shida. Wace hukuma ce ke riƙe da filin, kuma me aka ware shi dominsa a taswirar gari? Wa ya ƙiyasta darajarsa, nawa ya ce? An yi shelar neman kamfanoni, su wa suka nema? Mene ne rabon gwamnati, kuma a wane shafi na kasafin kuɗi zai bayyana? Majalisar dokoki ko ta kansiloli ta ga yarjejeniyar? Ina za a mayar da makaranta ko tasha ko kasuwar da ke wurin?

Akwai makamin da doka ta bayar don wannan. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardu, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Jihohi da dama sun daɗe suna cewa dokar ba ta hau kansu ba, amma a watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta shafi dukkan matakan gwamnati. A Jigawa akwai hukumar tantance ayyukan kwangila da hukumar InvestJigawa mai kula da masu zuba jari, kuma su ne ƙofofin farko da ƙungiyar matasa ko ɗan jarida zai ƙwanƙwasa.

Mai niyyar sayen shago ko gida a irin wannan gini shi ma yana da nasa binciken. Ya nemi ganin takardar mallakar filin da izinin gini, ya tambayi ko akwai ƙara a kotu a kan wurin, ya kuma tabbatar yarjejeniyarsa ta faɗi wanda zai mayar masa da kuɗinsa idan aka soke takardar. Ga masu jefa ƙuri'a a 2027 kuwa, akwai alƙawarin da ya fi na gini da na rusau sauƙin aunawa: ɗan takara ya amince zai wallafa duk filin hukuma da ya bayar, da sunan wanda ya karɓa, da kuɗin da aka biya.